Nomau da Yaɓen Soron Inna

Ku gyara zama in ba ku labarin Nomau na Unguwar Ɗorawa, amma wanda zai yi dariya ya yi ta da sauƙi, don maƙwabcina ne. Ni ce Uwani mai ƙosai, ƙofar gidana na kallon tasu, tun yana rarrafe na san shi. Nomau ƙato ne, da gemunsa da ƙarfinsa, kuma ba mahaukaci ba ne, kada wani ya je ya ce na ce. Shi dai abin da aka faɗa masa shi ne, ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Mahaifiyarsa Inna Tabawa, Allah ya jiƙan rai, ita kaɗai ta iya da shi. Da ta rasu bayan girbi, sai gidan ya rage daga shi sai wata akuya mai baƙin naci. Ɗakuna biyu sun zube tun tuni, saura soron Inna, shi ma rufinsa ya tsage, bangonsa na zubar da ƙasa. A nan yake kwana, a ƙasa kusa da gadonta, don ba ta taɓa ce masa ya hau gadon ba. Da safe nakan ji shi ta katanga yana gaida ɗakin, ya ɗan yi shiru kamar mai jiran amsa, sannan ya fito.

Bayan an watse daga zaman makoki, yayansa Sallau, mai sayar da kayan babur a Funtuwa, ya zaga gidan yana girgiza kai. Ya ce wa Nomau in har damina ta kayar da soron nan, zai zo ya tafi da shi ya riƙa kwana a shago yana gadi, filin kuma a sayar. Nomau ya tambaya, in bai faɗi ba fa? Sallau ya ce to sai ya zauna. Ya hau mota ya tafi. Nomau bai san kowa a Funtuwa ba, bai ma san kowa a duniya ba in ka cire unguwar nan da ɗakin nan, don haka tun daga ranar ba shi da wani zance sai na gyaran soro kafin ruwa ya sauka.

Wata rana ya tafi wurin Baba Tsalha, tsohon maginin unguwarmu, wanda ya daina aiki tun da ya faɗo daga wani rufi ƙafarsa ta hagu ta shanye. Baba Tsalha ba ya koya wa kowa aiki sai ya fara da abin da zai ji masa ciwo. Ya nuna wa Nomau inda zai haƙo jar ƙasa, ya ce ya zuba mata ciyawa da ƙaiƙayi don ta kama, sannan ya ja masa kunne kada ya kuskura ya sa ƙafa cikin kwaɓi sai ya tabbata babu ƙaya ko fasasshiyar kwalba ko ɗaya. Nomau ya haƙo ƙasa, ya zuba ciyawa da ƙaiƙayi, sannan ya yi tagumi. Ta ina mutum zai tabbata? Can sai ya ɗauko rariyar tankaɗen garin Inna, ya zauna ya kama tankaɗe tulin ƙasar nan kaɗan-kaɗan. Kwana da kwanaki in na leƙa sai in same shi ja wur da ƙura, daga ido sai haƙori. Duk abin da ya tsaya a rariya, da ƙaya da ciyawa da ƙaiƙayin, sai ya watsar gefe. Ƙasa ta yi laushi kamar garin ɗanwake. Ya kwaɓa, ya yaɓe bango, ya yi sumul gwanin sha'awa, har na yi masa barka. Rana na bugunsa ya tsattsage, ya riƙa ɓantarowa yana faɗowa faifai-faifai. Nomau ya je ya zauna gaban Baba Tsalha, ya ɗaga masa tafin ƙafafunsa biyu ya gani, ko ƙwarzane babu. Baba Tsalha ya dube shi, ya ce to alhamdu lillahi, ƙafa dai ta tsira, gobe a sake kwaɓi, ciyawar kuma a bar ta ciki.

Wata rana Baba Tsalha ya ce ya zaƙulo tsofaffin azarorin da ke cikin ɗakunan da suka zube, ko a samu masu ƙwari da za a tokare rufi da su. Ya gargaɗe shi cewa kunama da maciji na son irin wurin nan, saboda haka duk abin da zai kai wa hannu ya fara buga shi da sanda. Nomau ya yanko sandar geza mai kauri. A wurin azara abin ya yi kyau, har ya kashe kunama uwa da 'ya'yanta. Sai ƙishirwa ta kama shi. Ya nufi tulun Inna, ya tuna da magana, ya ɗaga sanda. Daga gidana na ji ƙarar. Bayan tulu kwanon tuwo ya sha nasa, buta ma ta sha. Da yamma ya fita, liman ya miƙa masa hannu su gaisa, Nomau ya ce ya yi haƙuri tukuna, ya sauke masa geza a bayan hannu. Liman mutum ne mai haƙuri, salati kawai ya yi. Amma daga ranar duk wanda ya hango Nomau sai ya sa hannu a aljihu, ya gaishe shi daga nesa in ma ya gaishe shi. Na je na ƙwace sandar na ce ta azara ce kawai, amma mutane sun riga sun ja baya. Ya zauna a tsakar gida yana harhaɗa gutsattsarin tulun nan, ya ce mini Inna ce ta sayo shi a kasuwar Ɗandume shekarar da aka yi fara. Na ba shi randata ƙarama, ya karɓa, amma gutsattsarin bai zubar ba.

Wata rana ƙyauren soron ya saki, ya kama gyara shi da guduma. Wata ƙusa mai tsatsa da ta leƙo ta bayan katako ta soke shi a tafin hannu. Na wanke masa da ruwan gishiri, na ce maza ya tafi ɗakin shan magani a yi masa allura, don tsatsa ba abin wasa ba ce, kuma ya tafi da abin da ya soke shi malamin asibiti ya gani. Na koma kan kaskona. Ina juya ƙosai sai ga ƙyaure yana tafiya bisa titi, da ƙafafun Nomau a ƙarƙashi. Ashe ƙusar ta ƙi fita daga katakon, shi ke nan ya ciro ƙyauren gaba ɗaya ya aza a ka, ya yi tafiyar nan har bakin kasuwa, yara na bin sa. Aka ce da ya isa ƙofar asibitin ta yi masa ƙanƙanta, sai da malamin ya fito waje ya duba ƙusar, ya cije leɓe don kada ya yi dariya. Kafin ya dawo akuya ta shige soro ta cinye rabin ciyawar kwaɓi da gefen tabarma. Na shirya zan yi masa faɗa, sai na ga fuskarsa fes, yana ta juya hannun da aka naɗe. Ya ce, "Gwaggo Uwani, malamin ya riƙe hannuna. Ya daɗe yana riƙe da shi." Ya ce har ya tambaye shi yaushe zai dawo, aka ce masa ba sai ya dawo ba. Wallahi sai na fasa faɗan nan, na juya na koma gida.

Wata rana aka zo kan babban aiki, wato rufi. Zafi ya kai zafi, bazara ta kama, bango ya sha sabon yaɓe mai ciyawa ya tsaya daram, amma tsagar da ke sama tana nan, kana ciki kana hangen haske. Baba Tsalha ya ara masa tsaninsa, ya buga shanyayyar ƙafarsa da sanda ya ce ya dube ta da kyau. Ya ce kada ya taɓa hawa tsani sai da namiji mai ƙarfi riƙe da shi. Na ce ni zan riƙe, Nomau ya dube ni ya ce ai ni ba namiji ba ce. Ya saɓi tsani ya shiga unguwa neman mai riƙewa. To lokacin sharar gona ne, samari kuma rabinsu sun tafi cirani ba su dawo ba, waɗanda ke nan kowa sai ya ce gobe. 'Yan zaman majalisa kuwa, waɗanda ba su da aiki sai ƙirga masu wucewa, ko ɗaya bai motsa ba, Allah ya shirye su. Har ya kai kasuwa. Nan Ɗanliti mahauci, mai son raha, ya ce kawo in riƙe maka. Ya jingina tsani da tsamiyar tsakiyar kasuwa ya riƙe. Nomau ya yi bisimilla ya hau har ƙarshe, ya tsaya can sama cikin ganye yana duba ko'ina, babu abin yaɓewa. Ya sauko, ya yi godiya sosai, ya ce an riƙe masa kuma bai faɗo ba. Kasuwa ta kwashe da dariya. Ya saɓo tsaninsa ya dawo gida ya jingina a jikin soro, ya zauna a gindinsa. Haka ya yi ta yi, kullum ya kwaɓa ƙasa da safe, ya zauna gindin tsani yana kallon ƙofa, da yamma ƙasar ta bushe.

Wata rana da hantsi gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska mai sanyi ta fara kaɗawa, kaji suka shiga ruɗewa. Na ajiye tuya na tafi wurin Baba Tsalha na ce in ba a yi yau ba an gama. Tsohon nan ya ɗingisa har rumfar mahauta, ya tsaya kan Ɗanliti ya wanke shi tas, ya ce tunda ya iya riƙe tsani don dariya, yau zai riƙe don Allah. Ɗanliti ya taso yana gunaguni, da wuƙarsa a ƙugu. Kwaɓi na nan a shirye, tsani a jingine, mai riƙewa ya samu. Ban taɓa ganin Nomau cikin murna irin ta ranar ba.

To a wajenmu namiji ba ya hawa rufi haka kawai, don daga sama ana ganin tsakar gidan mutane, da matansu da banɗakinsu. Sai ya ɗaga murya ya ce za a hau sama, matan maƙwabta su kintsa. Magina ma sun mai da abin kamar tari, suna faɗa suna hawa. Baba Tsalha ya tuna wa Nomau wannan, ya ce ya bi maƙwabta ya sanar, kada ya hau sai kowane gida ya amsa. Nomau ya zo jikin katangata ya ce za a hau sama, na ce a hau lafiya, ko da yake ina tsaye kusa da shi. Ya je gidan liman, matan suka amsa. Sannan ya zaga baya, gidan Iya Kuluwa.

Iya Kuluwa tsohuwa ce mai zaman kanta. 'Ya'yanta maza suna kudu, macen na aure a Gusau, ita kuma ta ce ba mai raba ta da ɗakinta. Bakinta da kaifi, ba ta son a taya ta komai, don haka mutane suka saba ba sa leƙa ta sai da dalili. Nomau ya tsaya bayan katangarta ya ce, "Iya, za a hau sama." Shiru. Ya sake faɗa. Shiru.

Ɗanliti ya ƙwala masa kira ya ce ya zo ya hau, tsohuwa ce, wa zai kalle ta, wataƙila ma ta tafi unguwa. Nomau ya ce ba ta amsa ba. Baba Tsalha da kansa ya ce ya janye maganar, ya zo ya hau, an yafe masa wannan gidan. Nomau ya ce ai ba Baba Tsalha ne zai amsa ba, Iya ce. Hadari ya gangamo, aka fara walƙiya. 'Yan majalisa suka taso kallo, wani na cewa ta amsa a zuci, wani ya maƙe murya irin ta tsofaffi ya ce a hau lafiya, aka yi dariya. Nomau ko waiwaye bai yi ba, ya san muryar Iya. Yana tsaye, hannunsa duk laka, idonsa na komawa kan soron Inna yana dawowa kan katanga, hawaye na bin gemunsa, yana ta faɗa, za a hau sama, za a hau sama. Ya fi kowa sanin abin da ruwan nan zai yi masa.

Ni raina ya ɓaci, da shi da tsohuwar duka. Na ce bari in shiga in sa ta ta amsa ko ta ƙi Allah, in ya so ta zage ni. Na tura ƙofar zaure na shiga ina sababi. Tsakar gida ba shara, murhu sanyi ƙalau, kaji sun barbaza tsaba. Na ɗaga labulen ɗakinta. Tana kwance a ƙasa bayan ƙofa, turmi a kife gefenta, ga wata 'yar sanda da tsumma. Ashe tun jiya da rana ta hau turmi za ta cusa tsumma a wata kafa da ke jikin azara kafin ruwa ya zo, turmin ya mirgine da ita, ƙugunta ya karye. Ta yi kira har muryarta ta ƙare. Leɓunanta sun bushe sun tsage, idonta a buɗe, bakinta na motsi. Na sunkuya na kasa kunne. Amsa take yi wa Nomau, iska ce kawai ke fita.

Na fito da gudu, duk da ciwon gwiwata, na faɗa musu. Ɗanliti ya saki tsani, Nomau ya ɗauki Iya Kuluwa a kan ƙyauren zaurenta shi da Ɗanliti, aka kai ta gidan mai ɗori a bayan kasuwa. Mai ɗori ya ce da ta ƙara kwana a wurin, sai dai wani zancen. Muna can ruwa ya ɓarke. Rufin ƙasa kuwa in ya jiƙa ba mai hawansa sai mai neman mutuwa.

Ruwan nan ko ya ɗauke sai ya dawo. Washegari da rana na shiga na sami Nomau zaune cikin soro, kwanoni jere a ƙasa suna karɓar ɗiga, azara na ƙara kamar ana taka busasshen kara. Na ce ya fito. Ya ce gadon Inna fa? Na ce Nomau, fito yanzu. Ya fito da matashinta a hannu. Muna tsaye a tsakar gida cikin yayyafi rufin ya lotsa ta tsakiya, ya zauna a kan gadon a hankali, bangon da ya sha wahalar yaɓewa ya biyo shi. Bai yi kuka ba. Ya ce mini, "Gwaggo Uwani, ya faɗi. Yaya zai zo." Ya je ya ɗaure 'yan kayansa a buhu, ya zauna a kai. Na tausaya masa har cikin raina.

Da labari ya kai Funtuwa Sallau ya zo da mota. Ba mugu ba ne, gajiyayyen mutum ne mai iyali. Ya dubi tulin ƙasar, ya dubi ƙanensa zaune kan buhu, ya ce to su tafi. Nomau ya miƙe ba musu, ya kamo akuya. Na ce wa Sallau ko ba komai ya shiga ya duba Iya Kuluwa, an dawo da ita gida. Muka shiga tare. Tana kwance an ɗaure ta da karare, muryarta ta dawo, kaifin ma ya dawo. Ya durƙusa ya yi mata sannu. Ba ta amsa sannun ba.

Ta ce, "Sallau, na wuni na kwana a ƙasan nan ina jin mutane na wucewa ta bayan katanga. Duk garin nan mutum ɗaya ne ya tsaya jiran amsata. In ka tafi da shi, wa zai jira?"

Sallau ya sunkuyar da kai. Ya ce ai Nomau ba shi da wurin kwana yanzu. Ta ce zaurenta fa, na aljanu ne? Ya fito ya sami Nomau tsaye jikin mota da buhu da akuya, ya ce ya mai da kayan. Nomau ya ce, "Yaya, ka ce in ya faɗi za ka tafi da ni." Sallau ya share fuska da hularsa, ya ce, "Na faɗa. Yanzu kuma na ce ka zauna." Zancen sayar da fili bai sake tasowa ba, ya koma shi kaɗai.

Nomau na kwana a zauren Iya Kuluwa yanzu, da matashin Inna. Soron ba a tayar ba, kabewa ma ta fito a kan tulin ƙasar. Iya ta ba shi aiki guda, ta ce kullum gari ya waye ya zaga bayan katangarta ya faɗi abin da ya faɗa ranar nan, kada ya gusa sai ta amsa. Ina hura wutar tuya nakan ji shi, a unguwar da ba shi da rufin da zai hau, yana cewa, "Iya, za a hau sama." Sai in tsaya da ludayi a hannu har in ji ta ce a hau lafiya. Wani lokaci takan yi jinkiri, gabana ya faɗi. Na yi mata magana a kan haka, ta ce da gangan take yi, don ta ji an sake kiranta.